Littattafan May Agnes Fleming a rumbun Project Gutenberg: rubutu ya iso lafiya, jarida ta ɓace a hanya

Mai neman labaran May Agnes Fleming, marubuciyar Kanada ta ƙarni na 19, a yau yana da hanya uku: ya sayi sabon bugu na takarda daga masu buga tsofaffin littattafai in an yi oda, ko ya nemi hoton shafukan tsohon bugu a intanet, ko ya sauke rubutun kyauta daga Project Gutenberg, rumbun tsofaffin littattafai na intanet. Ta ukun ce ake dubawa a nan, kuma hukuncin tun daga farko shi ne ta fi sauran biyun ga mai son karatu kawai. Sai dai akwai abin da take ɓoyewa game da yadda aka gina labaran, wanda in mai karatu bai sani ba zai ɗora wa marubuciyar laifin da ba nata ba.

An haifi May Agnes Early a 1840 a Saint John da ke New Brunswick, tun kafin a haɗa yankunan su zama ƙasar Kanada a 1867. Ta fara da sunan aro, Cousin May Carleton, wanda ta ɗauko daga Carleton, unguwar da ta tashi. Ta auri John Fleming a 1865, daga baya ta koma Brooklyn, inda ciwon ƙoda ya yi ajalinta a watan Maris na 1880 tana da shekara 39. A tsakanin nan ta cika jaridun labarai na mako-mako da rubutu: New York Mercury, da Saturday Night ta Philadelphia, da New York Weekly ta kamfanin Street & Smith, da London Journal a Ingila. A ganiyarta labari ɗaya sau uku yake kawo mata kuɗi, jaridar Amurka ta biya, ta Landan ta biya, sannan maɗaba'ar G. W. Carleton ta fitar da shi a littafi mai bango. Kuɗin da take samu ya haura dala 10,000 a shekara, abin da marubutan Kanada na zamaninta ko a mafarki ba su gani.

Shi kuwa rumbun, Michael Hart ne ya assasa shi a 1971, yanzu yana ɗauke da littattafai sama da 70,000 waɗanda haƙƙin mallakar yawancinsu ya faɗi a dokar Amurka. Ba rajista, ba talla, ba a neman lambar kati. Game da Fleming ba wata fargabar doka, domin ta rasu fiye da shekara 140 da suka wuce.

Saukewar ba ta da wuya, amma akwai wurare biyu da ake tuntuɓe. Na farko gurbin bincike: in ka rubuta Fleming kawai, marubuta masu wannan suna za su fito maka birjik, gara ka sa sunan cikakke sannan ka latsa shi a kan kowane littafi, zai kai ka shafin da aka jera duk nata wuri ɗaya. A can za ka tarar da The Midnight Queen, da A Terrible Secret, da The Baronet's Bride, da The Unseen Bridegroom, da Kate Danton, da Norine's Revenge, da wasu. Na biyu zaɓen nau'in fayil. Kowane littafi yana da na karantawa kai-tsaye a shafin intanet, da EPUB, wato nau'in fayil na manhajojin karanta littafi, sabo da tsoho, da na Kindle, na'urar karatu ta Amazon, da tsuran rubutu. Mutane da yawa suna rugawa ga tsuran rubutu don sun ga shi ne mafi sauƙin buɗewa, kuma shi ne mafi muni a waya. Dalili kuwa an yanke kowane layi a kusan harafi 70, tun zamanin da faɗin allon kwamfuta ke nan. A ƙaramin allo sai layin ya karye biyu, dogo da guntu, dogo da guntu, har ƙarshen littafi. Ga shi rubutun da aka karkatar a bugun asali yana fitowa tsakanin ɗan layin ƙasa biyu, doguwar karan-ɗori kuma ta zama gajeru biyu a jere. Fleming marubuciya ce mai yawan karkatar da kalma don nuna inda mai magana ya danna murya, mutanenta kuma ba su cika ƙarasa jimla ba in rai ya ɓaci, don haka shafi ɗaya na rigima a tsuran rubutu sai ka ga kamar kaza ta yi tsere a kai.

EPUB sabo shi ne zaɓi. Yana buɗewa a Apple Books, ana iya ɗora shi a Google Play Books, kuma tun 2022 hanyar aika littafi zuwa Kindle tana karɓarsa ba sai an juya shi ba. Wanda na'urarsa ta tsufa har ta ƙi buɗe sabon, ya ɗauki wanda aka rubuta na tsofaffin na'urori ne. Nauyi ba abin damuwa ba ne. Kalmar Turanci ɗaya da tazararta tana cin kusan harafi 6, ke nan littafi mai kalma 100,000 bai wuce kilobayit 600 ba, kuma EPUB a matse yake zuwa, ƙasa da rabin haka. Duk jerin nata bai kai nauyin bidiyon minti biyu ba. Gargaɗi ɗaya: kada a sa wata manhaja ta kwaso su gaba ɗaya a lokaci guda, shafin yana toshe duk wanda ya ga alamar na'ura ce ke jida. A sauke ɗaya bayan ɗaya da hannu.

Tsabtar rubutun ita ce babbar hujjar fifita wannan rumbu, kuma ba duka littattafan suke daidai ba. Waɗanda suka bi ta hannun 'yan sa-kan Distributed Proofreaders, ƙungiyar da Charles Franks ya kafa a 2000, a tsarinsu na yanzu kowane shafi yana wucewa ta zagayen duba kuskure har uku da na tsara fasali biyu, kowane zagaye mutum daban ne yake kwatanta rubutun da hoton shafin asali. Irin waɗannan da wuya ka ci karo da tuntuɓe, kuma sukan zo da ɗan bayanin mai kwafe a farko ko a ƙarshe, inda ya faɗi kurakuran maɗaba'a da ya gyara da waɗanda ya bari. Waɗanda aka ɗora tun farkon shekarun 2000, kafin tsarin ya kai haka, sun fi sakaci: alamar buɗe magana ba ta rufewa, sunan mutum ya canza harafi a tsakiyar littafi, kalmar Faransanci ta rasa ɗigon kanta. Ana gane ko wane iri ne daga saman fayil, inda aka rubuta ranar ɗorawa, da ranar gyara na ƙarshe, da sunayen waɗanda suka yi aikin. Duk da haka mafi rauninsu ya fi abin da ake samu a yawancin bugun takarda na oda, inda ake zuba abin da na'urar karanta hoton shafi ta tofar ba tare da idon mutum ya bi ba. Na'urar tana ganin r da n a manne ta ce m ce, tana ganin c da l ta ce d ce, kan shafi da lambarsa su faɗo tsakiyar jimla, in kuwa tsohon littafin da aka ɗauki hotonsa ya rasa ganye, to sabon ma haka zai fito ba wanda ya lura. Wasu masu bugun ma rubutun Gutenberg ɗin suke kwafewa su ƙanƙance harafi don rage takarda, su manna hoton wata mata da ba ta da alaƙa da labarin a bango. Ka biya kuɗi, ka sayi abin da ke kyauta, a mummunan kama.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke rumbun na Fleming daga bugun littafi aka kwafo shi, ba daga jarida ba, alhali don jarida aka rubuta labaran. Jaridar labarai ta wancan zamani manyan shafuka ce masu siraran ginshiƙai da ƙananan haruffa, da zanen sassaƙe a shafin gaba yana nuna wurin da ya fi tayar da hankali a kashin makon. Labarai da yawa suke tafiya tare, wani na farawa wani na ƙarewa, don kada mai saye ya sami makon da zai ce ya huta. Kashi ɗaya galibi babi biyu ne ko uku. Aikin marubuci shi ne ya kai mai karatu bakin rami a layin ƙarshe ya bar shi a tsaye kwana bakwai. A fayil ɗin Gutenberg babu zanen, babu alamar inda kashi ya tsaya, babu ranar fitowa. Babi na bin babi kamar an rubuta su ne don a shanye a zama ɗaya.

Wanda ya shanye su a zama ɗaya kuwa zai ƙoshi da wuri. Zai ga an sake kwatanta masa idon jarumar da gashinta a karo na biyar, zai ga wata baranyar gida ta zauna tana ba wani baƙo labarin abin da shi mai karatu ya gani da idonsa shafi 30 baya, zai ga kusan kowane babi na biyu ya ƙare da ƙwanƙwasa ƙofa, ko ihu daga bene, ko wasiƙa da ta faɗi daga hannun mace ta sume. Sai ya ce marubuciyar ba ta iya taƙaitawa ba. Alhali maimaicin nan na wanda ya sayi jaridar a mako na tara ne bai ga na farko ba, da wanda ya manta wace ce wace bayan wata biyu. Sumar kuma ita ce ta sayar da fitowa ta gaba. Maganin a hannun mai karatu yake: babi biyu ko uku a zama, a tsaya daidai inda rai ya fi son a ci gaba, a bari sai gobe. Da haka ne ake ganin gwanintar matar, yadda take riƙe zare huɗu ko biyar a hannu, ta saki ɗaya na tsawon babi goma har ka manta da shi, sannan ta fizgo shi a daren biki.

The Midnight Queen ne ya fi dacewa a fara da shi, don gajere ne, babi 20 da 'yan kai, kuma kusan duk abin da ya faru a dare ɗaya ya faru. Ya fara fitowa a 1863 da sunan La Masque. Landan ce a 1665, shekarar babbar annoba, wadda rajistar birnin ta ƙirga mutum 68,596 da ta kashe, masana kuma suke ganin adadin ya kusa 100,000. Fleming ta kwashi kayan aikinta daga tarihi na gaskiya: jan gicciye a ƙofar gidan da cuta ta shiga, amalanken kwasar gawa da dare, ramukan da ake zuba matattu, da wutar da aka hura a tituna wai don ta tsarkake iska, ruwan sama ya zo ya kashe. A cikin wannan ta jefa Sir Norman Kingsley da abokinsa Ormiston, da wata mai duba da ba a taɓa ganin fuskarta ba, da amarya Leoline da aka tsinta kwance cikin kayan aure da tabon annoba a jikinta aka ɗauka ta mutu, da wata fadar ɓoye a ƙarƙashin kangon gini inda ake yanke hukuncin kisa da tsakar dare. Wurin da amalanke ya isa bakin rami da amaryar a ciki, shi kaɗai ya isa a sauke littafin. Amma kada ɗalibi ya ɗauke shi madogarar tarihi. Littafin ya sa sarki cikin birnin, alhali Sarki Charles na Biyu da fadawansa sun bar Landan tun Yulin 1665, suka zauna Salisbury sannan Oxford, bai dawo ba sai Fabrairun 1666. Earl na Rochester, wanda littafin ya nuna yana shawagi a kogin Thames, yaro ne ɗan shekara 18 a lokacin, ya yi zaman kaso a Hasumiyar Landan a farkon bazarar, sannan ya bi jiragen yaƙi zuwa faɗa da Holan. Marubuciyar ba ta damu ba, masu sayen jaridar ma haka.

A Terrible Secret na 1874 shi ne aikin da hannunta ya nuna, kuma a nan rashin alamar kashi ya fi ciwo saboda tsawonsa. Ya buɗe da kisan wata matashiyar uwargida a Catheron Royals, tsohon gidan sarauta a Cheshire, aka ɗora zargi kan Inez, wata 'yar dangin maigidan da ya yi wa alkawarin aure ya fasa. Sai labarin ya tsallake kimanin shekara 20 ya faɗa Amurka, wurin Edith Darrell, yarinya matalauciya mai kaifin baki da ta san tana son Charley Stuart amma ta zaɓi Sir Victor Catheron, ɗan uwargidan da aka kashe, saboda sarauta da dukiya, kuma ba ta ɓoye wa kanta dalilin ba. Angon ya gudu ya bar ta ranar ɗaurin aure. Abin da ya kore shi shi ne asirin da ke sunan littafin, ba za a tona shi a nan ba. Edith ce ribar littafin. Jaruman irin wannan adabi yawanci kuka ne aikinsu, ita kuwa lissafi take yi, tana yi wa kanta ba'a, kuma da abin ya rushe sai ta nemi aikin ɗinki a Landan maimakon ta karɓi kuɗin mutumin da ya wulaƙanta ta. Mai son ganin Kanada kanta a rubutun Fleming sai ya nemi Kate Danton na 1876, wanda aka kafa a Quebec. Sauran yawancinsu gidajen sarautar Ingila ne da attajiran New York, domin can kasuwar take.

Akwai abin da ya kamata a sani kafin a miƙa wa yaro ko a sa a aji. Rumbun ba ya tace komai, yadda aka buga haka yake kawowa, kuma haka ya dace. To amma son zuciyar zamanin yana nan ɓaro-ɓaro: wada mugu ne tun daga halittarsa, mai jinin Sifaniya dole ta zama mai zafin kishi, 'yan ƙabilar Romani masu yawo a Turai ɓarayin yara ne masu ɗaukar fansa, taɓin hankali kuma la'ana ce da ake gado kamar gona. Turancin ma na ƙarni na 19 ne, da guntayen Faransanci da baitocin waƙa da ba a fassara ba, da maganar barori da aka rubuta yadda ake furta ta. Babu sharhin ƙasan shafi ko ɗaya. Ƙamus ɗin cikin manhajar karatu yana warware yawancin kalmomi in an danna su, amma ba ya gane kalmar da aka lanƙwasa don kwaikwayon bakin bara, nan sai an karanta da ƙarfi kunne ya kamo.

Inda rumbun ya fi gazawa shi ne bayanin asalin littafi. Labaran Fleming sun yi ta canza suna daga hannu zuwa hannu: La Masque shi ne The Midnight Queen, Sybil Campbell shi ne The Queen of the Isle, Erminie shi ne The Gypsy Queen's Vow. Jerin rumbun ba ya haɗa maka su, sunan da ke bangon bugun da aka kwafa shi kawai zai ba ka, sai mutum ya yi ta neman littafin da tuni yake cikin wayarsa. Sababbin shigarwa suna faɗin maɗaba'a da shekarar bugun da aka yi amfani da shi, tsofaffin kuwa sau da yawa shiru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Fleming, saboda sunanta ya ci gaba da sayar da littafi shekaru bayan an binne ta, har aka riƙa liƙa shi a kan labaran da wasu suka rubuta. Shekarar da ta wuce 1880 a bango ba ita ce shaidar jabu ba, domin da yawa tsofaffin labaranta ne na jarida da ba a taɓa haɗawa a littafi ba sai daga baya, musamman a hannun G. W. Dillingham da ya gaji kamfanin Carleton a 1886. Amma rumbun ba ya rarrabe maka wannan da wancan. Mai rubuta takardar bincike ya tsaya kan waɗanda suka fito tana raye, irin su Guy Earlscourt's Wife, da A Terrible Secret, da A Mad Marriage, da Kate Danton, kuma ya nemo hoton shafukan tsohon bugu don lambar shafi, tunda EPUB ba shi da tsayayyen shafi, lambar tana canzawa duk lokacin da aka ƙara girman harafi.

Ɗan taƙaitaccen bayanin da ake gani yanzu a shafin kowane littafi, na'ura ce ta rubuta shi, kuma an faɗi hakan a ƙarshensa. Daga babin farko yake ɗebo abin da zai ce. Ga marubuciyar da takan kashe wadda ka ɗauka ita ce jaruma kafin a kai kashi ɗaya cikin biyar na littafi, irin wannan bayani bai gaya maka komai ba, illa dai ba ya tona asiri. Haka nan in ma'aunin manhaja ya nuna saura kaɗan a gama, a tuna cewa shafukan ƙarshe na kowane fayil dogon bayanin lasisin rumbun ne, labarin yana ƙarewa kafin ma'aunin ya cika. Wanda ya tsinci kuskure a rubutu, akwai adireshin kai rahoton gyara a shafin taimako na rumbun, ana so ya faɗi lambar littafin, ya kwafo layin yadda yake, ya rubuta yadda ya kamata ya zama.